Bayan "Masha Allah" Sai Me? Yadda Muke Duba Hoton Mai Koyo

Bahaushe ba ya rasa bakin gyara. Ka ajiye masa tuwo, zai gaya maka ko tuƙi ne bai yi ba ko gari ne ya yi yawa. Ka nuna masa riga, kafin ka gama warware ta ya hango inda tela ya karkatar da wuya. A filin kokawa yaro ɗan shekara goma zai yi maka bayanin abin da ya kayar da gwaninsa, ƙafa ce ya bari a baya ko gaggawa ce ta ci shi. Amma miƙa wa wannan mutumin waya ka ce ya duba hoton da ka ɗauka, nan take kalmominsa za su ƙare. Abin da ya rage masa bai wuce uku ba: "Masha Allah", "ya yi kyau", ko kuwa, in abin ya lalace ƙwarai, "bai fito ba".

Wannan ƙarancin baki yana damuna, domin yau babu sana'ar hannu da matasanmu suka fi taɓawa kamar ɗaukar hoto. Daga Maraɗi zuwa Agadas, daga zangon Kumasi zuwa Garwa, duk wanda ke da waya a aljihu mai hoto ne. Mafi yawansu ba sa neman komai sai abin tunawa, kuma wannan ya ishe su. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da abin ya shiga ransu, waɗanda za su tsaya minti goma suna jiran rana ta sauko kan katanga, ko su tsuguna cikin ƙura don su kama ƙafar doki. Waɗannan su ne ke zuwa su ce, "Yaya, duba min wannan." Kuma su ne muke cuta da "ya yi kyau". Yaron da aka yaba wa hoto ɗari da kalma ɗaya bai san wanne ne mai kyau a cikinsu ba. In ya yi sa'a ya ci gaba da lalube cikin duhu, in bai yi ba ya gaji ya bari.

Akwai kuma wani rukunin masu duba, waɗanda a ganina ɓarnarsu ta fi ta masu yabo. Su ne waɗanda suka kalli bidiyon koyar da hoto biyu ko uku a intanet suka haddace dokoki. Kafin su kalli abin da ke cikin hoton sun fara auna shi: ka sa mutum a tsakiya, kuskure, bayansa ya cika tarkace, kuskure, ka kunna filasha, kuskure. Dokar da suka fi ƙauna ita ce ta raba hoto gida uku a tsaye da kwance, a ajiye abin da ake ɗauka a kan ɗaya daga cikin layukan. Ba na musun tana da amfani, takan hana mai koyo dasa komai a cibiyar hoto ba tare da tunani ba. Amma ya kamata a san asalinta. Wani Bature mai zane a Ingila, John Thomas Smith, shi ya fara rubuta ta a 1797, yana magana kan zanen filayen karkara, fiye da shekara arba'in kafin a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a 1839. Shawara ce ta mai zanen gajimare da gonaki. Ba a saukar da ita don hoton tsohuwa a bakin ƙofarta ba.

Wanda ke shakka ya nemi aikin Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948. Kafinta ne ya koya wa kansa hoto. Mutanensa a tsakiya suke, ɗaram, suna kallon kyamara. Bayansu kuma zane ne mai ado ya rataya, sannan matar da ke zaune ta sha atamfa mai nata adon, ado a kan ado, abin da ɗan haddar doka zai kira hayaniya. Amma ka kalli hoton, fuskar ce ke fara kama ka, domin ita kaɗai ce wuri mai natsuwa a cikin wannan yalwar zane. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, da filasha tsirara yake bin matasa wuraren rawa cikin dare. Shahararren hotonsa na 1963 mai suna "Daren Kirsimeti", saurayi da budurwa suna rawa kansu ya kusa haɗuwa, ita ba takalmi, da wannan filashar aka ɗauke shi. A 2007 aka ba shi Zakin Zinariya na bikin fasaha na Benis saboda aikin rayuwarsa. Da ya kawo wa masu dokarmu hotunansa yana yaro, da sun ce ya kashe filasha.

Abin da nake ganin ya dace a fara da shi ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya. Ka kalli hoton sosai, ka faɗi abin da idonka ya fara sauka a kai, sannan ka tambayi mai shi ko abin da ya so a gani ke nan. Duk gyaran da zai yi amfani yana cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun.

Bari in kawo misali. Wani ɗalibi a Damagaram ya nuna min hoton da ya ɗauka ranar hawan Sallah a gaban fadar Sarki, cikin Birni. Mahayi ne a kan doki mai kwalliya, ga jama'a maƙil, ga jajayen kayan dogarai a gefe, ga ƙura ta tashi. Na ce masa, "Ƙanena, abin da na fara gani a nan shi ne wata farar mota a can baya, ta hannun hagu, rana na walƙiya a gilashinta. Bayan ita sai jan rawanin dogari. Doki shi ne na uku." Ya yi shiru, ya karɓi wayar ya sake kallo, ya ce, "Wallahi Yaya ban ga motar nan ba sai yanzu." Gaskiya ya faɗa. Idon mutum yana zaɓe, yana share abin da zuciya ba ta damu da shi ba, ita kuwa kyamara ba ta da zuciya, duk abin da ya shigo sai ta rubuta. Kuma a cikin hoto ido yakan fara zuwa wurin da ya fi haske, sannan launin da ya fi ƙarfi, sannan fuska. Wannan yaron ya ga doki ne saboda doki ya je gani. Ni da ban je wurin ba, abin da aka ba ni kawai na gani.

A hoton akwai wasu abubuwan. Katangar fada ta ɗan jirkice. An datse kofaton gaba. Ban ambace su ba a ranar, kuma da gangan. Wanda aka zuba wa gyara biyar a lokaci ɗaya ba ya tafiya da ko ɗaya, abin da yake tafiya da shi shi ne cewa hotonsa bai yi ba. Na tsaya kan motar, domin ita ce ta sace masa hoton, kuma maganinta a ƙafarsa yake: taki biyu zuwa dama, ko ya ɗan rusuna, jikin dokin ya rufe ta. Sai kuma na gaya masa abin da ya samu, ba don in sanyaya masa rai ba, don shi ma gyara ne. Ya danna a daidai lokacin da mahayin ya ja linzami, wuyan dokin ya lanƙwashe, bakinsa a buɗe. Wannan ba a koyar da shi da sauƙi. In ba a nuna masa cewa a nan ƙarfinsa yake ba, gobe zai je ya gyara mota ya rasa lokaci. Yabon da ke da amfani shi ne wanda ya nuna wuri da yatsa.

Inda na fi son masu duba hoto su yi ilimi kafin su buɗe baki shi ne maganar haske da fatarmu, domin a nan ake yi wa masu koyo hukuncin zalunci. Kowa ya san hoton: ango cikin farar shadda ƙal, fuskarsa kuwa baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Sai a ce mai hoton bai iya ba, ko a yi wa angon dariya. Abin da ya faru lissafi ne. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara an gina shi a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya farinsa da baƙinsa, zai ba da ruwan toka matsakaici, wanda aka saba ƙiyastawa da launin da ke maido kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Da ta ga babbar riga fara ta cika hoto, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta koma toka-toka, fuskar da dama ta fi rigar duhu ta nutse gaba ɗaya. Wayoyin yanzu suna gane fuska suna ƙoƙarin gyarawa, amma tsakar rana a Sahel ta fi ƙarfin da yawansu. Rana tana bisa kai, hula ko rawani ya jefa inuwa kan idanu, farin yashi kuma yana ƙara ruɗa ma'aunin.

Matsalar tana da tarihi. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, don su daidaita launin injinsu da shi. Fatar da aka auna komai da ita ke nan, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launi daban-daban. Kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno da Itel ya ci kasuwar Afirka, kuma cikin abubuwan da ya yi talla da su har da daidaita kyamara da baƙar fata. Wato an daɗe ana sayar mana da kayan da ba mu aka auna ba. Saboda haka in yarinya ta kawo maka hoton mahaifinta fuska ta ɓace, "bai fito ba" ba magana ba ce. Ce mata za ka yi ta taɓa fuskar a allon waya kafin ta danna, don wayar ta auna haske daga nan, ta ƙyale rigar ta ɗan ƙone in ta kama. Ko mafi kyau, ta roƙi Baba ya matso bakin zaure, ya tsaya cikin inuwa yana fuskantar waje. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure yana zuwa ta gefe guda, a tausashe, yana fito da goshi da kumatu da tsagar fuska yadda babu fitilar shago da za ta fi shi. Keïta da hasken rana ya yi mafi yawan aikinsa, a tsakar gidansa. Hazon hunturu ma, da kowa ke kuka da shi, yana kashe nisa da launin sama, amma ga fuska alheri ne, don yana tace rana kamar an rataya mata farin mayafi.

Daga nan kuma sai wata cuta ta biyo, wadda a kanta ba na sassauta murya. Mai koyo ya gano cewa fuska tana duhu, sai ya nemi magani a filta. A ja haske, a goge fata, a share tabo da tsaga, har yarinyar Tasawa ta fito kamar 'yar tsanar roba, fara sol, hancinta ya narke cikin kumatu. Kuma wannan ne hoton da ya fi samun "Masha Allah". A nan mai duba na gaskiya dole ya ce a'a. Fito da fuska daban, canja mata launi daban. Na farko gyaran haske ne, na biyu ƙarya ce aka yi wa mai fuskar, kuma ƙarya ce mai koya wa ƙannenta cewa kyau yana farawa ne daga inda baƙi ya ƙare. Tambayar da nake yi wa mai irin wannan hoton ita ce, in aka nuna wa kakarta, za ta gane jikarta? Ban taɓa ganin wanda ya amsa da sauri ba.

Akwai kalmar da ya kamata a cire daga bakin mai gyara: "sai ka sayi kyamara". Wanda ke da kuɗin kyamara da bai tsaya jiran shawararka ba. Kuma da yawan abin da ake ɗora wa waya ba laifinta ba ne. Hoton da ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai, sau da yawa man ne da gaske, na yatsa, a kan idon kyamarar, shafa ɗaya da gefen riga ya isa. Wanda ya farfashe, jawo shi aka yi da yatsu biyu maimakon a taka a matsa, domin a yawancin ƙananan wayoyi wannan jawowar yanka ce kawai da buɗawa. Wanda hanci ya kumbura kunnuwa suka gudu baya, an kusanto da waya ne ƙwarai, idonta kuwa mai faɗi ne, yana girmama abin da ke kusa. Kafin ma ka yanke hukunci kan tsabtar hoto, tambayi ta inda ya iso gare ka. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, in ya bi hannu uku ya zama wani abu dabam. A turo shi a matsayin fayil tukuna.

Sai maganar da littattafan koyar da hoto na Turai ba za su taimake mu a kai ba, wato kunya. An ce hoton mutum yana rayuwa ne a ido, a sa shi ya kalli kyamara. To amarya fa? Yarinyar da ta sunkuyar da kai ta ja mayafi a gaban surukai ba ta ɓata hoto ba, ita ce hoton. Dattijon da ya ƙi murmushi ya haɗe fuska ba fushi yake ba, haka ya ga ya dace a tuna da shi. Mai gyaran da ya ce "da ta ɗago kai" ya nuna bai san gidan da aka ɗauki hoton ba. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan hoto dubu, kuma da yawansu ta ƙeya ya ɗauke su, babu fuska ko kaɗan. Ya san abin da ya je nema, fuska kuwa da ta raba hankalin mai kallo.

Amma kunyar nan tana da ɗaya gefen, kuma shi ma aikin mai duba ne. Ana kawo min hotunan almajirai da ƙoƙo, na mabarata, na tsofaffi a bakin asibiti, an mai da su baƙi da fari don su ƙara ban tausayi. Wasu ta fuskar haske ba su da aibu. Tambayata ta farko ba ta haske ba ce: ya san ka ɗauka? Ka san sunansa? Hoton da aka sata daga nesa yakan tona kansa, mutumin yana can ƙarami, a karkace, an ɗauke shi daga sama kamar abin da aka tsinta. Wanda aka yi sallama aka gaisa kafin a ɗauka, kyamara tana daidai idonsa. Masu koyo da yawa sun ɗauka talauci shi ne zurfi, saboda irin hotunan da baƙi ke zuwa ɗauka a ƙasashenmu ke nan. Philippe Koudjina ya bi daren Yamai da kyamararsa a shekarun 1960 da 1970, mashaya da wuraren rawa da samari cikin kwalliya, kuma yau wanda ke son ya san yadda birnin ya ji da kansa bayan samun 'yanci, wurinsa zai je. Abin da ke cikin wayoyin yaranmu shi ne zai zama irin wannan shaidar nan gaba. Ina so a tarar da mu a ciki muna cin kasuwa, muna ɗinki, muna dariya a bakin rijiya, ba kullum da hannu a miƙe ba.

Na san abin da wani zai ce: wa ya tambaye ka? Yana da gaskiya a wuri guda. Ba kowane hoto ke neman sharhi ba. Wanda ya nuna maka hoton mahaifiyarsa da ta rasu, ko da an datse rabin kanta, ko da ya yi duhu, addu'a yake nema, ka yi mata. Hoton suna da na biki da aka turo don a taya murna, a taya. Gyara na wanda ya nema ne, kuma ko shi akwai yadda ake yi. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a gaban jama'a yakan zama. Abin da za ka gaya wa yaro ku biyu ya gode, in ka faɗe shi cikin abokansa ya zama tozarci. In kuma mai hoton ya girme ka, ka san ba za ka ce "Baba, kun yi kuskure" ba. Cewa za ka yi, "Baba, da kun ɗan juya ta wajen ƙofa, ina ganin hasken zai fi kama fuskar Hajiya." Magana ɗaya ce, ta bi ta hanyar da za ta shiga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da ladabi a ƙi faɗin komai, domin wannan ladabin kanka ka yi wa, ka kuɓuta daga nauyi, shi kuwa ka bar shi inda yake.

Abu ɗaya da ba a cika ɗauka a matsayin gyara ba, alhali ya fi saura tasiri, shi ne zaɓe. A zamanin fim, nadi ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowanne da kuɗinsa, dole mutum ya yi tunani kafin ya danna. Yanzu yaro zai dawo daga hawa da hoto ɗari biyu ya miƙo maka duka. Ba na karɓa. Nakan ce ya je ya fitar da uku, ya zo ya gaya min dalilin kowanne. Kwana biyu yakan ɗauka, wani lokaci da ɓacin rai. In ya dawo, kafin mu taɓa ukun nakan nemi ganin na huɗu, wanda ya yi ta jinkiri a kansa kafin ya ajiye. Sau da yawa wani ya gifta a gefensa, ko hannu ya ɗan girgiza, shi ya sa ya ji tsoron kawo shi. A kan wannan na huɗun muke fi daɗewa.